Da na ji maganar Malam tun farko

Ƙannena masu sha'awar ɗaukar hoton taurari, kada ku fara da sayen babban madubin hangen nesa. Ni na yi. Kuɗin adashena kakaf na zuba a kansa, ƙafar da zan ɗora shi kuwa na ɗauko mai araha. Daren farko na auna Kaza da 'Ya'yanta, na bar kyamara a buɗe minti ɗaya, taurarin suka fito zara-zara kamar taliya.

Malamina, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, ya riga ya gargaɗe ni. Da na kai masa hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yarona, duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa. Ƙafa mai injin bin taurari kake buƙata." Shi ya koya mini saita ta da tauraron arewa, wanda a Kano digiri 12 kawai yake ɗagowa, darbejiya ɗaya ta isa ta tare shi. Har yau ina ganinsa durƙushe a kan tabarma, tocila a hannu ya naɗe ta da jar leda don kada farin haske ya kashe mana ido.

Na kuma ɓata watanni ina neman komai a hoto guda. Hasken Andiromeda, wani babban gungun taurari mai nisan gaske, ya yi wajen shekara miliyan 2 da rabi a hanya, da ƙyar yake isowa. Ku ɗauki hoto 60 ko 100, ku rufe bakin kyamara ku ƙara wasu na duhu zalla, ku haɗa su su zama hoto ɗaya a manhajar kwamfuta ta Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Ku fita a ƙarshen wata, lokacin da babu farin wata, nesa da fitilun gari, bayan ɗaukewar damina kafin hazon hunturu ya yi kauri. Ƙura kuma a hure ta, ni da hannun riga na goge gilashina ya karce.

Wanda ya fi ci mini rai daban ne. Na samu Andiromeda, amma na ƙi kai wa Malam, ina jiran wanda ya fi kyau. Kafin kaka ta zagayo ya rasu, Allah ya jiƙansa. In kuna da mai koya muku, ku kai masa hoton makon nan ko da ya yi dishi-dishi. Nawa na wanke shi na kai wa iyalinsa, yana rataye a zauren da muke zama.