Laraba, hanyar Jega

Shayi kawai na sha na fita. Na samu gaban mota, Nura a baya da jakarsa, zai wuce Aliero.

Ba mu kai Kalgo ba ya miƙo min waya: wata farar mota tana tafe a Amurka, kujerar direba wayam. Motar kamfanin Waymo ce, tun 2020 take ɗaukar fasinja haka a birnin Phoenix. Wai mu ma in ana so ta zo, sai an fara gyara mata titi, a ja farin layi, a kafa na'urori a jikin fal-fal suna yi mata bayani, irin yadda Sin ke gwadawa.

Na ce ban yarda ba. A 2005 an yi tseren irin waɗannan motoci a hamadar Amurka, ta jami'ar Stanford ta ci fiye da kilomita 200 ba direba, ba kwalta balle layi. Kuma a Disambar 2025 da wuta ta ɗauke a San Francisco, danja ta mutu, motocin Waymo ɗin nasa cirko-cirko suka yi a mararraba. Motar da sai titi ya gaya mata abin yi, ranar da titin ya yi shiru fa?

"Yaya, can ai ba kullum ake ɗauke wuta ba."

"To nan fa?"

Direba bai tanka ba sai da wata tirela ta ƙyafta mana fitila sau biyu. Ya sassauta. Muna shan kwana sai ga shanu sun cika titi, wani ɗan Bafillace ya ɗaga sanda sama.

"Ɗan makaranta," in ji shi, "waccan motar taka, ta san mi mai tirela ya ce mani?"

Aka bushe da dariya. Nura ya ce za a koya mata. Ƙila.

Ni dai abin ya tsaya min a rai har na dawo. Fitilun sola na layinmu ko shekara ba su yi ba aka kwashe baturansu. A nan za a rataye na'urar da ran mutum biyar ya dogara da ita? Gara a cike ramuka a ja layin, mu masu ido ma muna so. Sauran aikin mota ta yi abinta.

Zazzaɓin Ummi ya sauka. Shinkafar da Inna ta aike ni, ban samu a farashin da ta faɗa ba, gobe akwai bayani.