Abin da na koya a bayan gilashin kanti a Landan

Daren farko da aka shigar da ni cikin tagar, shugabar aikinmu ta ce in cire takalmi. An rufe kanti, an lulluɓe gilashin da baƙin ƙyalle don kada masu wucewa a titin Oxford su ga abin da ake shiryawa. Wurin bai fi tabarma uku ba, fitilun sama suna gasa ƙeya, a waje kuwa sanyi na ratsa ƙashi. Ɗalibi nake a lokacin, bizar karatu ta ba ni damar aikin awa 20 a mako, na samu gurbi a ɗaya daga cikin manyan kantunan titin, cikin masu ƙawata taga don bikin Kirsimeti. Aikina riƙe tsani, goge ƙura, da miƙa allura da siririn zaren roba da ake rataya kaya da shi.

Na zo da ilimina na gida. Mahaifina ɗan Kantin Kwari ne, na tashi ina ganin yadda ake jera atamfa da shadda da leshi tun daga ƙasa har rufi idan Sallah ta matso. A can yawan haja shi ne shaidar ƙarfin shago, kuma da gaskiyarsu, domin mai shiga Kwari ya riga ya fito da niyyar saye, zaɓi yake nema. Shi ya sa da aka ba ni wata ƙaramar kusurwa in shirya, na cika ta maƙil: jakunkuna, gyale, turare, safar hannu, duk abin da na ga ya yi kyau.

Shugabar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa aka ɗage ƙyallen, ta ce in sa takalmina in tsallaka titi, in taho da saurin mai gudun kada bas ta wuce shi, in dawo in gaya mata abin da na gani. Na je na dawo, na rasa abin faɗa. Launuka na gani, ban ga abu ɗaya da zan iya kiran sunansa ba. Ta shiga ta kwashe kusan komai, ta bar jan gyale guda a wuyan mutum-mutumi, ta karkato fitila ɗaya a kansa. Na sake tsallakawa, tun daga nesa gyalen ya kama idona. Mai tafiya a titi bai fito dominka ba, ƙiftawar ido kawai zai ba ka, dole ka san abu ɗaya da kake so ya tafi da shi.

Daga nan na mayar da ranakun hutuna na zagayen kantuna, ina kallo da idon mai koyo. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu, saboda haka tagogin sun fi yin aikinsu cikin duhu.

Selfridges na fi daɗewa a gabansa. Harry Gordon Selfridge, ɗan Amurka da ya koyi sana'a a kantin Marshall Field na Chicago, shi ya buɗe shi a 1909, ya kuma zo da ra'ayin da ya saɓa wa al'adar lokacin: kowa ya shigo ya yi kallo, ko da ba zai sayi komai ba. A shekarar ce Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgin sama, Selfridge ya ɗauko jirgin ya ajiye a kantinsa, dubban mutane suka yi tururuwa. Ba jirgi yake sayarwa ba, ƙafar jama'a yake so ta saba da ƙofarsa. Har yau jinin nan yana jikin tagoginsu: kamar dandalin wasan kwaikwayo suke, wani lokaci sai ka nemi hajar da kyar a cikin adon. A ganina sun fi kowa ƙarfin hali, ko da yake akwai tagar da za ka tsaya ka yaba, ka wuce ba ka fahimci me take nufi ba.

Harrods da ke Knightsbridge wata hanya ya bi. Ginin kansa ne tallar, an zagaye shi da dubban ƙwayayen fitila, tun daga nesa yake ƙyalli. Tun 2010 yana hannun Ƙatar, kuma za ka ji Larabci sosai a cikinsa. Tagoginsa sukan zama na manyan kamfanonin kayan ƙawa, tsaf-tsaf, babu abin kushewa, amma ban taɓa jin suna kirana ba. Suna nuna maka abin da ke akwai ne, da irin aljihun da ake shiga da shi.

Wanda ya shiga raina shi ne Fortnum & Mason a Piccadilly, kantin shayi da kayan ci da ya faro tun 1707. Tagoginsa ƙanana ne, sai ka matso, kuma idan ka matso za ka tarar an yi aikin da haƙuri, har ɗan cokalin da ke gefe an san dalilin ajiye shi. A saman ƙofa akwai agogon da aka kafa a 1964, duk awa mutum-mutumi biyu na waɗanda suka kafa kantin sukan fito su rusuna wa juna. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da taga ta nuna, shi za ka tarar a ciki: kwandunan kyauta, gwangwanayen shayi masu launin kore-shuɗi. Mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya fita da gwangwani ɗaya a hannu. Kantin Liberty kuwa ba ya bukatar dogon ado, gininsa na 1924 da katakon tsofaffin jiragen ruwa biyu na yaƙi aka yi shi, ni kuma ɗan mai yadi, a ɓangaren yadinsu na ƙare.

Wannan zance na taga da ciki su zama ɗaya, a wurin aikinmu na ga muhimmancinsa. Jan gyalen nan ya ƙare a kanti cikin kwanaki, babu wanda ya sanar da mu, na taga yana nan rataye. Wata dattijuwa ta shigo da sandarta, ta hau har bene na biyu, ta ce wa jikarta take so. Aka ce babu, na taga kuma ba a cirewa. Ban manta yadda ta tsaya shiru tana kallon mai sayarwar ba. Mu muka kira ta daga titi, muka kuma mayar da ita hannu rabbana. Kyan alkawari cikawa, taga kuwa alkawari ce. Tun daga ranar, kafin a rataya abu sai na je sito na tambayi nawa ya rage.

Sana'ar tana cikin matsi. Babban kantin Debenhams na titin Oxford ya rufe a 2021, kantin House of Fraser na titin ya bi shi a 2022, ciniki da yawa ya koma intanet. Na taɓa tambayar shugabar ko wahalar nan ta dare tana biyan kuɗinta. Sai ta ce in zo da sassafe kafin mai wanke gilashi ya iso. Na zo. Ta nuna mini ƙasan gilashin, daidai tsayin ƙuguna: sawun tafukan hannu ƙanana da tabon hanci, jere daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce daga yau duk abin da zan ajiye, in durƙusa tukuna in duba ko yaro ɗan shekara huɗu zai gan shi.

Da na kira gida na ba Baba labari, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ai mu ma wanda ya shigo bai saya ba, kujera muke ba shi da ruwa. Gobe shi zai kawo maka mai saye." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya tambaye ni ko gyalen ulu ne ko siliki, da nawa suke sayar da shi.