Abin da aikin hayar tirelar tafi-da-gidanka ya koya mini game da shirya kaya

A arewacin jihar Indiana ta Amurka akwai garin Elkhart, kuma a yankinsa ake ƙera mafi yawan ɗakunan tafi-da-gidanka na ƙasar. Ina nufin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa a-kori-kura a baya, a ja shi zuwa bakin tafki ko gandun daji a yi kwanaki a ciki, da gadonsa da kicin da banɗaki. Hedkwatar manyan kamfanonin sana'ar, Thor da Forest River, a garin take, Jayco kuma yana Middlebury, tafiya kaɗan. A 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun sun fitar da kimanin 600,000, idan aka haɗa da masu injin kansu.

Ni dai ba a masana'anta nake ba. A wani ƙaramin gareji nake aiki, muna ba da hayar tirelolin muna kuma gyara na mutane. Ni ke miƙa wa mai haya tirela in nuna masa yadda komai ke aiki, ni ke karɓarta idan ya dawo. A karɓar nan ne karatun yake, don a nan ake ganin ƙofar kabad da ta ɓalle, da man girkin da ya malale ya shige katako, da tayar da ta cinye ta gefe ɗaya.

Kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa: ina zan sa kaza? Ni kuwa kafin mu leƙa ciki sai na zagaya da mutum waje, ta gaba a ɓangaren hagu, inda aka manna wata 'yar takarda ruwan ɗorawa. A kanta aka rubuta iyakar nauyin kayan da tirelar za ta iya ɗauka, da kilo da kuma laba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin ido bai san komai ba. Zai ga kabad a sama, durowa a ƙasa, rami a ƙarƙashin gado, wani ramin a ƙarƙashin kujera, ya ce duk a cika. Su kuwa masu ƙerawa sun san yawan ma'ajiya ke jan hankalin mai saye, don haka ba sa rowarta, amma tayoyi da ƙarafan da ke ƙasa ba su ƙaru ba. A yawancin tirelolin da suka ratsa hannuna, nauyin da aka yarje maka zai ƙare tun wurin ajiya bai ƙare ba.

Ruwa ne ke fara cin rabonsa, kuma shi ake mantawa da shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin da ke cin galan 40 na Amurka ya kai lita 151, wato kilo 151 ke nan kafin a shigo da ko cokali. Idan takardar ta ce kilo 600, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Shi ya sa wanda zai sauka a zangon da ke da famfo nakan ce ya ɗebi na hanya kawai, ya cika a can. A dawowa ma haka: akwai tankin ruwan wanke-wanke da na banɗaki, in ba a juye su a zangon ba, kaya ne kake ja har gida.

Sai inda nauyin zai zauna, kuma nan ne rai yake. Tirela a kan tayoyinta na tsakiya take, gabanta kuma wani wuyan ƙarfe ne da ke hawa kan ƙwallon da ke bayan mota. Ƙa'idar da kowa a sana'ar ya sani ita ce wuyan nan ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin tirelar. Idan ta kai kilo 3,000 da kayanta, wuya zai danna mota da kilo 300 zuwa 450. Don a samu haka ake cewa kimanin kashi 60 na kaya ya kasance gaba da tayoyi. In aka tara nauyi a can baya, wuya ya yi sako-sako. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babbar hanyar 80/90 da ta ratsa ta arewacin Elkhart, wata babbar motar kaya ta wuce ka da gudu, iskarta ta tura gindin tirelar gefe. Nauyin da ke bayan zai wuce da ita fiye da inda iskar ta kai ta, ta dawo ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, kafin ka ankara tana lilo tana jan bayan motar. Wanda ya taka birki da ƙarfi a lokacin ya ƙara wa wutar fetur. Abin yi shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya matsa birkin tirelar ita kaɗai da 'yar na'urar da ke kusa da hannunsa. Cusa komai a gaba ma ba mafita ba ne: bayan mota zai durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilu su haska sama.

Wata bazara wasu 'yan uwa Hausawa daga Chicago suka zo haya, za su gabar tafkin Michigan da yara. Murna ta kama ni, muka daɗe muna gaisawa. Tirelar da suka ɗauka mai gadajen yara ce a baya, da babban rami a ƙarƙashinsu mai ƙofa ta waje. Kafin in gama takardu da Alhaji, yara sun loda buhun shinkafa, galan ɗin mai, manyan tukwane da katan-katan na ruwan gora duk a ramin.

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kayan nan sai sun dawo tsakiya, ƙarƙashin kujerun cin abinci."

Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ga wuri fayau Allah ya ba mu, sai mu je mu cushe inda za mu zauna?"

Ban ja da ita ba, wa zai ja da uwa a kan shirin kaya? Muna da ɗan sikeli mai allura da ake sawa a ƙarƙashin wuyan tirela. Na kafa shi, na nuna wa Alhaji inda ya kamata allurar ta tsaya, na roƙi yaran su riƙa kwaso ruwan zuwa gaba. Kowane katan aka matsar sai allura ta ɗan haura. Hajiya ta tsaya tana kallo har aka kai inda ake so, sannan ta ce, "To, tunda allura ta faɗa." Ramin baya kuma ya samu barguna, filalla da ƙwallon yara. Wanda ba shi da irin wannan sikelin, akwai manyan sikelin auna mota na kamfanin CAT a gidajen man direbobin manyan motoci, da kuɗi kaɗan za a auna maka. Ka hau da tirela, ka sake hawa da mota ita kaɗai, bambancin nauyin da ke kan tayoyin motar shi ne abin da wuya ke ɗauka.

Abu na biyu shi ne girgiza. Ba a zama cikin tirela ana tafiya, saboda haka babu mai ganin abin da kaya ke sha. Da yawansu sifirin ne kawai a ƙasa, ba abin da ke shanye tsalle irin na mota, kuma can baya ya fi ko'ina jijjiga. Mu da muka tashi muna ganin jeren amarya, kwanuka a kan kwanuka har kusa da rufi don ido ya ƙoshi, sai mun juya tunanin gaba ɗaya: mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Gwangwanaye, tukwane, kwalaben mai, duk a kabad ɗin da ke dab da daɓe. Na sama burodi, tawul, ganyen shayi, kofunan roba. Gwangwanin tumatir ɗaya a kabad ɗin sama ya isa ya bugi ƙofa har maƙallin ya saki.

Akwai wani ɗan rikici a nan da ya daɗe yana ba ni sha'awa. Sikeli yana cewa kada ka cika. Girgiza kuma tana cewa kada ka bar sarari, domin kabad ɗin da ke rabi ya fi cikakke ɓarna, kaya na samun filin gudu su yi karo. Maganin shi ne a cike gurbin da abin da ba shi da nauyi. Tawul tsakanin tukwane, tsummokaran kicin tsakanin faranti, takardar goge hannu a matse a lungu. Ƙananan abubuwa a kwanduna, kwando ɗaya na kayan shayi, ɗaya na magunguna, a ƙasansu shimfiɗar robar nan mai kama kaya. A bakin kanta da cikin firji a gitta sandar labule mai sifirin. Duk abin da zai iya zuba, manja ne ko man gyaɗa ko sabulun ruwa, a zaunar da shi cikin wata roba, don in ya zuba ya tsaya a nan. Man da ya shiga katakon tirela ba ya fita, warinsa ma haka. Faranti masu fashewa kuwa a bar su a gida. In an isa masauki a buɗe kabad a hankali, hannu ɗaya a tare.

Masu tirelar kansu sukan so ƙara kanta a bango. Bangon ciki siririn katako ne mai kaurin kimanin milimita 3, bayansa soso, wani wurin wayar wuta ko bututun ruwa. Ƙusa ba ta samun abin kamawa sai an dace da ƙarfe ko katakon da ke ciki, in ba haka ba hanya za ta tumɓuke ta ta bar rami. Maratayi mai gam ya wadatar wa makulli, hula da tocila, amma ranar da zafi ya tsananta zai saki abu mai nauyi. A ganina rabin kayan shirya ɗaki da ake tallatawa ga masu tirela ƙarin kaya ne kawai. Maigidana yana sayar da su a kantinmu, don haka a hankali nake faɗar wannan.

Ma'ajiyar waje kuma da tsarin buƙata ake shirya ta. Ka ɗauka ka isa zango da daddare ana ruwa. Me hannunka zai fara nema? Waigi na tare taya, katakan daidaita tirela, wayar wuta, tiyon ruwa, tocila, safar hannu. Su ne a bakin ƙofa. A tirelolin Amurka mahaɗar wuta da ta ruwa galibi a hagu suke, ƙofar shiga da rumfa a dama, don haka waya da tiyo su zauna hagu, kujerun naɗewa da tabarma dama. Idan tirelar mai ɓangaren da ke turowa waje ce da maɓalli don ɗaki ya faɗaɗa, a rufe shi tukuna a duba wace durowa ce ke toshewa. Abin da za a nema a hanya, abincin yara ko magani, kada ya kwana a can.

Tiyon juye ruwan banɗaki ba ya haɗa wuri da komai. Tireloli da yawa suna da bamba mai kusurwa huɗu da rami a ciki, nan ake zura shi, sauran kawunansa da safar hannunsa a roba mai murfi ta daban. Tiyon ruwan sha yawanci fari ne, a naɗe shi a haɗa bakinsa biyu don kada ƙura ko ƙwaro su shiga. Wasu masu haya sai na maimaita musu wannan, amma Musulmin da ya san tsarki da najasa kafin in rufe baki ya gane. Su kuma nakan ƙara musu da cewa darduma ta hau kabad ɗin sama, buta a zubar da ruwanta a kwantar da ita a wurin wanka.

Wasu guraben kuma ido na ganinsu a sake amma da masu su. Ragar da injin ɗumama ɗaki ke shaƙar iska, da gaban akwatin fis da ke buƙatar iska don kada ya yi zafi, ba a jingina musu jaka. Na'urar da ke jin warin gas a ƙasa take dab da daɓe, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wanda ya tare ta da takalma ya toshe mata hanci. Tagar gudun gobara mai jan mariƙi, da abin kashe wuta da ke bakin ƙofa, hanyarsu a buɗe. Tukwanen gas kuwa a waje suke zama, a tsaye, a ɗaure kan wuyan tirela, ba a shigo da na ƙari cikin ɗaki. Akwai kuma ramukan da aka rufe da katako inda famfon tura ruwa yake. Mutane kan cire katakon su samu wuri, sai kaya su yi ta dukan bututu har ya fara ɗiga.

Da hunturu ya gabato aikin ya koma kwashewa. Sanyin arewacin Indiana yana daskarar da ruwa, don haka muna juye tankuna mu tura wani ruwa mai launin ruwan hoda da ke hana daskarewa cikin bututu. Duk abin ci ya fita, har ƙwayar shinkafar da ta faɗa lungu, don ɓeraye na neman mafaka kuma kafar da bututu ya ratsa ta ishe su shiga. Takardar banɗaki da tawul ma a kwashe, da su suke yin sheƙa. Gwangwani da kwalba masu ruwa a ciki suna kumbura su fashe. Ƙofofin kabad a bar su a buɗe iska ta zaga, ta firji kuma a tokare ta da wani abu, in ba haka ba watan Afrilu da wankin hunhuna za a fara.