Daga Madrid zuwa gonakin aya na Alboraya

Makarantun Sifaniya suna rufewa a ƙarshen watan Yuni, ba sa buɗewa sai Satumba. Ga uwa mai yara uku a ɗan ƙaramin gida a hawa na huɗu, wannan hutu jarrabawa ne, domin zafin Madrid a watan Yuli bai bar na Katsina da nisa ba, kuma babu tsakar gida balle inuwar darbejiya. Karatun maigida ne ya kawo mu garin. Shi da Turanci yake aikinsa a jami'a, yara kuwa cikin 'yan watanni bakinsu ya buɗe da Sifaniyanci. Ni ce aka bari a baya, ina zuwa makarantar harsuna ta gwamnati da yamma, ina fama da yadda kowace kalmar aiki take canza wutsiya gwargwadon mai yi da lokacin yi.

Abin da ya fi damuna shi ne na zama mai jiran babbar 'yata ta yi mini tafinta a asibiti da wajen mai nama. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya bai kamata ta ɗauki wannan nauyi ba. Don haka da muka shirya zuwa birnin Balensiya da ke bakin teku na kafa sharaɗi: a tafiyar nan ni zan yi magana da kowa. Maigida ya ce, "To Maman yara, mun ba ki wuƙa da nama."

Jirgin ƙasa mai gudun nan ba ya kai awa biyu tsakanin biranen, tun da aka buɗe layin a 2010. Ta taga sai busasshiyar ƙasa ja-ja, da gonakin alkama da aka riga aka girbe, da garin Kuwenka daga nesa, sannan gonakin inabi, can kuma sai kore ya mamaye ko'ina. Yara suna ta musu da Sifaniyanci a kan wa zai zauna kusa da taga. Na ce musu a cikin jirgin nan Hausa za a yi. Autana ya yi ƙoƙari, amma rabin maganarsa aro ce, kuma hakan ya tsaya mini a rai har muka sauka.

Ranar Alhamis muka zaɓa da gangan. Da ƙarfe 12 na rana, a bakin wata ƙofa ta babban cocin birnin, manoma takwas sanye da baƙaƙen riguna suke zama a kan kujeru don shari'ar ruwan ban-ruwa. Kowannensu yana wakiltar hanyar ruwa guda daga cikin waɗanda ake janyowa daga kogin Turiya, kuma manoma 'yan'uwansa ne suka zaɓe shi. Babu lauya, babu takarda, da baki ake ƙara da baki ake yanke hukunci. Asalin tsarin ban-ruwan ana danganta shi da zamanin da Musulmi suka riƙe garin, kafin Sarki Jaime na Ɗaya ya karɓe shi a 1238, kuma UNESCO ta sanya kotun cikin gadon al'adun duniya a 2009. Mai shela ya kira sunayen hanyoyin ruwan ɗaya bayan ɗaya, na kasa kunne ban kama kusan komai ba. Wata dattijuwa da ke gefena ta ga fuskata, ta bayyana mini cewa da harshen yankin ake yi, wato Balensiyanci. Bayanin nata kuwa na fahimce shi tsaf, har na yi mata tambaya ta amsa. Muka daɗe muna hira a tsaye, ta gyara mini kalma biyu ba tare da ta sa ni jin kunya ba. A ganina minti goma da irin wannan mata ya fi mako guda a aji.

Da la'asar muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Alboraya, wanda yake manne da birnin ta arewa. Abin da ya kawo mu ke nan. Bayan gidaje kaɗan sai ga fadama shimfiɗe, an shuka aya layi-layi, ganyenta kore shar ya kai gwiwa, ruwa yana bin ƙananan magudanai a tsakani. Na tsaya na nuna wa yara, na ce wannan ita ce ayar da kakarsu take aiko mana a ƙullin leda. Wani manomi da muka tarar a bakin gona ya ce a watan Afrilu zuwa Mayu suke shuka, su haƙe daga Nuwamba, sannan a shanya ta a ɗakuna masu iska ana juyawa har wajen wata uku. Da na gaya masa daga inda nake, ya gyaɗa kai ya ce ya san ana shigo da aya daga Nijar da Burkina Faso da Mali, domin tasu ba ta isar masu buƙata. Nan na tuna manoman jihar Maraɗi da buhunansu a kasuwa, da ɗan abin da ake ba su, alhali ga inda kayansu yake ƙarewa cikin kofin gilashi mai tsada. Raina bai yi daɗi ba.

A shagon da muka zauna aka kawo mana kunun ayarsu, wanda suke kira orchata, da sanyi ƙarara, tare da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki. Kafin kowa ya taɓa na tambayi mai kawowa ko da man alade aka yi burodin, tambayar da tun zuwanmu ƙasar nan ba na fashinta, ta ce da man tsirrai ne. Kunun nasu ruwa ne da aya da sukari kawai. Yana da daɗi, amma ni dai na fi son namu, da dabino da kwakwa da citta da ɗan kanumfari. Na faɗa wa matar haka, ta kira abokiyar aikinta, suka sa ni na lissafa musu kayan haɗin, ɗaya tana rubutawa a bayan rasit. 'Yata ta buɗe baki za ta taimaka, sai ta fasa, ta ci gaba da shan kununta.

Mun kwana biyu a Balensiya, yara suka yi wasa a bakin teku da kuma lambun da aka yi a tsohuwar hanyar kogi bayan ambaliyar 1957. Abincin dare ba a fara shi sai ƙarfe 9, abin da har yau cikina bai saba da shi ba. Na sayo aya kilo biyu a babbar kasuwar birnin. Da muka koma Madrid na jiƙa rabi, na tara yaran a kicin, na ce duk wanda yake son kunu sai ya faɗi sunan kowane kayan haɗi da Hausa kuma ya taya ni tacewa. Sauran rabin na ajiye wa ajinmu, domin malamarmu ta ce idan aka koma a Satumba kowa zai ba da labarin hutunsa na minti biyar ba tare da duba takarda ba.