Takardar gidana tana banki, masu bina bashi suna ƙofar shago

Shekara goma sha huɗu ke nan ina sayar da kayan gini a kasuwar Katako da ke Yamai, bututun ruwa da kawunan famfo da fenti da makullan ƙofa, kuma kafin damanar 2023 ban taɓa tsallake ranar biyan bashi ba. A tsakiyar shekarar 2021 na karɓi rancen miliyan 8 na CFA daga wani banki domin in riƙa yin odar kaya da kaina, na ba da takardar mallakar gidana na unguwar Banifandu jingina. Yarjejeniyar ta shekara biyar ce, ana cire kusan jika 180, wato CFA dubu 180, daga asusuna ranar 5 ga kowane wata, kuma a wancan lokaci kuɗin ba su fi ƙarfina ba. Maganar kuɗin ruwa ta tsaya mini a rai tun ranar da na sa hannu, sai dai na danne ta da cewa halin kasuwa ne ya tilasta mini.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, kayan da na zuba kusan dukan jarina a kansu suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuɗin ajiya yana hawa kansu kowace safiya. Masu gini suka tsayar da aiki, domin wanda ke fafutikar buhun shinkafa ba ya tunanin fenti. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma hanyar Gaya, wato iyakarmu da Benin, ba ta buɗe ba, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, kuma ranar da nawa suka iso kuɗin ajiya da na sufuri sun cinye riba har sun taɓa uwar kuɗi.

Kuskurena na farko na tafka shi tun a watan Satumba na 2023, lokacin da na je wani ƙaramin asusun ba da rance na karɓi jika 500 domin in toshe ramin banki. A lokacin dokar yankinmu na kuɗin CFA ta ƙayyade cewa banki ba zai wuce kashi 15 cikin 100 a shekara ba, ƙananan asusun rance kuwa an ba su har kashi 24. Ke nan na ci bashi mai tsada na biya mai araha, na kuma ƙara wa kaina mutum guda cikin masu ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kuɗin ba su daɗe ba suka bi hidimar gida da hayar shago. Oktoba, Nuwamba da Disamba suka wuce asusuna babu komai, ga wani Alhaji babban dila yana bina miliyan 2 da jika 400 na kayan da ya ba ni lamuni, ga wan matata da jika 600.

Waɗannan watanni uku su ne mafi muni, kuma ni na munana su da hannuna. Na koyi kashe waya, na koyi zama a bayan shago in ce wa yarona ya faɗa wa duk wanda ya zo cewa na fita. Ban gaya wa uwargida komai ba, har sai da ta ji daga bakin wanta. Daren da ta tare ni ba ta ɗaga murya ba, ta ɗauko ɗaya daga cikin littattafan makarantar yara ta ajiye gabana, ta ce: “Malam, rubuta su duka, har wanda kake jin kunyar faɗa.” Da na tara lissafin sai ya kama miliyan 8 da rabi. Ya yi nauyi ƙwarai, amma a daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba, domin kafin nan abin da nake tsoro ba shi da iyaka a kaina, yanzu kuwa ga shi a shafi guda.

Kafin in tunkari kowa na je wurin wani abokina lauya da muka yi makaranta tare a Tawa, kuma zaman awa ɗaya da shi ya sauya yadda nake kallon al'amarin. Ya bayyana mini cewa jingina da karɓar bashi a Nijar suna tafiya ne bisa dokokin OHADA, waɗanda ƙasashe 17 na Afirka suka haɗu a kansu, kuma banki ba ya tashi da safe ya zo ya fitar da mutum daga gidansa. Kafin a kai ga gwanjo sai an kawo wa mai gida takardar umarnin biya ta hannun ma'aikacin shari'a, wadda ke ba shi kwana 20, sannan a rubuta ta a ofishin rajistar filaye, sannan maganar ta bi matakanta a gaban alƙali. Ya ce alƙali yana da ikon jinkirta biya ko rarraba shi, gwargwadon halin wanda ake bi da buƙatar mai bi, amma jinkirin ba ya wuce shekara guda. Sai ya ƙara da abin da bai yi mini daɗi ba: duk wannan lokaci ne kawai ake ba ka, kuma kuɗin shari'ar kanka zai hau. Daga nan ya tambaye ni, cikin mutum huɗun nan wane ne ke riƙe da abin da zai iya raba ni da gidana. Amsar ɗaya ce, banki, kuma shi ne wanda bai taɓa zuwa shagona ya yi hayaniya ba.

A watan Janairu na 2024 na shiga bankin da takardun kayan da ke Kwatano, da littafin cinikin shago na wata shida, da wasiƙar neman a sake tsara mini bashin. Matar da ke kula da asusuna ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce: “Malam, me ya hana ka zuwa tun watan farko?” Ba ni da amsar da ta wuce kunya. Ta sanar da ni cewa an riga an shigar da jinkirina cikin rajistar bayanan masu rance da sauran bankuna ke dubawa, saboda haka in cire rai da samun wani lamuni nan kusa. Bayan mako uku suka amince. Abin da ya rage, kusan miliyan 5, aka shimfiɗa shi kan wata 60, biyan wata ya sauko zuwa jika 110 da 'yan kai. Wannan sauƙi ba kyauta ba ne, domin da na lissafa sai na ga ƙarin shekarun zai ci mini kusan miliyan guda. Akwai kuma wani sharaɗi da abokina ya ja mini layi a ƙarƙashinsa, cewa idan na sake saɓa biya banki yana da damar neman dukan abin da ya rage a lokaci guda.

Wurin Alhaji ban je ni kaɗai ba, na roƙi wani dattijon kasuwa da limamin masallacinmu suka raka ni. Na mayar masa da kaya na jika 600 da ke kwance a shago, sauran miliyan 1 da jika 800 muka raba su jika 60 kowane wata. Da farko ya ce tsakaninmu ba sai an yi rubutu ba, liman ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma gabaninta kaɗan an ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. Alhaji ya nemi in ba shi cek na watanni masu zuwa, na ba shi haƙuri na ƙi, domin abokina ya gargaɗe ni cewa cek da babu kuɗi a bayansa yana iya mayar da maganar bashi ta koma maganar laifi. Motata na sayar na rufe bashin ƙaramin asusun, tun da shi ya fi tsada. Wan matata kuwa ya ce in fara da na waje, nasa ya jira.

Na ɗauka da an sa hannu a takardu hankali zai kwanta. Tsarin biya yana rage nauyin wata, amma masu bin ka suna nan da nasu matsalolin. A farkon Yuni 2024, ana shirin Babbar Salla, ɗan Alhaji ya zo shagona da hantsi, kasuwa ta cika, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa jika 60 ba kuɗi ba ne, mahaifinsa yana da buƙata, in ban ƙara ba zai kai ni wurin 'yan sanda. Maƙwabta suka fara leƙowa. Kuɗin banki suna cikin aljihuna a ranar, na yi niyyar kai su da azahar, sai na ciro su na miƙa masa domin kawai ya bar ƙofar. Ya tafi, mutane suka watse, ni kuma na zauna ina kallon hannuna, na san abin da na aikata. Ranar 5 ta zo asusu babu komai, kuma ba a yi kwana goma ba wasiƙar gargaɗi ta iso, tana ambaton sharaɗin nan da aka ja mini layi.

Ban taɓa jin tsoron rasa gidan kamar a wannan mako ba. Ina tashi ƙarfe biyu na dare in zauna a tsakar gida, in dubi ɗakin da na ƙara wa mahaifiyata lokacin da na ɗauko ta daga ƙauye, in rasa yadda zan fara gaya mata cewa za mu koma haya. Ciwon kai ya matsa mini har na je asibiti, aka ce jinina ya hau. Muna da rago da muka yi wata takwas muna kiwo domin layya, na kai shi kasuwa na sayar, na haɗa da abin da uwargida ta kwasa a adashe, na biya bankin har da tarar jinkiri. Na je da kaina na faɗa wa matar bankin gaskiyar abin da ya faru, ta karɓa, ta ce kada a sake. A shekarar ba mu yi layya ba. Liman ya ce mini layya tana kan mai hali ne, amma duk da haka ranar Salla da na ga ƙaramin ɗana tsaye a ƙofar maƙwabta yana kallon ana fiɗa, sai da na koma ɗaki.

Bayan Salla na koma wurin Alhaji tare da dattijon nan da takardarmu. Ban je da faɗa ba. Na ce masa: “Alhaji, kuɗinka haƙƙinka ne, kuma ba zan ci ko dala ba, amma idan gidan nan ya tafi shagon ma ba zai tsaya ba, kai kuma ba za ka samu sauran ba.” A nan na ji cewa shi ma masu ba shi kaya daga waje sun matsa masa, abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya yarda a lissafa abin da ɗansa ya karɓa cikin biyan watanni masu zuwa, ya kuma ce daga ranar maganar tsakanina da shi ce kawai.

Tun daga nan kuɗin banki ba sa kwana a aljihuna. Kowace yamma kafin in rufe shago ina ware jika 4 da rabi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ranar Litinin in kai su asusu, ta yadda duk wanda ya zo da hayaniya zai tarar babu abin da zan iya miƙa masa ko da zuciyata ta karaya. Na kuma daina jira a kira ni. Idan na hango wata zai yi wuya, tun ranar 20 nake zuwa wurin Alhaji in ce ga abin da zan iya kawowa, ga ranar cikon, kuma na lura mutum yana jure jinkirin da aka sanar da shi fiye da shirun da bai san ƙarshensa ba. Duk abin da na biya, ko jika 5 ne, sai an rubuta a bayan takardarmu an sa hannu, takardun shaidar biya na banki kuwa suna cikin wata jaka da uwargida ke ajiyewa. Sau biyu aka samu saɓanin lissafi, sau biyun takarda ce ta raba gardama ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Tsoron gidan bai tafi gaba ɗaya ba, yana dawowa duk ƙarshen wata, musamman da damana lokacin da gini ke ja baya. Abin da ke rage mini shi shi ne in buɗe littafin nan in ga lambar tana sauka, da addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar ta neman tsari daga rinjayen bashi da danniyar mazaje, wadda a da nake karantawa ba tare da na san nauyin kalmominta ba. Manyan yaran ma mun zaunar da su mun gaya musu abin da ake ciki daidai hankalinsu, domin sun riga sun ga mota ta tafi, kuma shirunmu ya fi ba su tsoro.

Yanzu na biya wata 20 cikin 60 na banki. Na Alhaji saura wata goma, kuma da na gama shi jika 60 ɗin za su koma kan wan matata, wanda har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ya sa nasa ya fi duka nauyi a zuciyata. Takardar gidan tana banki har yanzu. Jibi ne 5 ga wata, kuɗin kuma suna cikin asusu tun ranar Litinin.