Ranar da na ba mai lamba tara ƙwallon da ba shi ya ci ba

Na fara sharhin ƙwallon ƙafa a filin firamaren ƙauyenmu da ke yankin Ringim, da lasifikar aro da batirin mota, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. A zamanin duk wanda ya riƙe makirufo a cikinmu burinsa ya zama kamar Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ya rasu a 1990, mutumin da ya sa ƙasa baki ɗaya ta riƙa kiran Christian Chukwu, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, da Ciyaman. Daga bisani wani gidan rediyo ya ɗauke ni, ina kawo wasannin matasa kai tsaye, idan kaka ta yi kuma in koma fagen dambe.

Ku matasan da kuke shiga wannan sana'a yau, abin da nake so ku ji daga bakina shi ne cewa murya ba ta gaya wa mai ita gaskiya. Tawa tana nan daram har gobe, amma idona ya riga ta tsufa. Yanar ido ta fara rufe min shi, har ya zama da la'asar sakaliya, musamman idan akwai hazo, ba na bambance lambar riga daga tsakiyar fili. Maimakon in faɗa, sai na ɓoye. Akwai wani yaro da ke ɗaukar min jaka, mai kaifin ido da daɗin harshe, shi na zaunar a gefena yana raɗa min sunayen 'yan wasa, ni kuma ina rangaɗa su a makirufo kamar ni na gani. Shekara uku muna haka, ban taɓa miƙa masa makirufon ba sai lokacin hutun rabin lokaci, domin ya karanta gaisuwar masu sauraro.

Asirina ya tonu a wasan ƙarshe na wata gasar ƙauyuka, ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaron. An bugo kwana, ƙura ta tashi a bakin raga, mutane suka ɗauki ihu, ni kuwa na shelanta cewa mai lamba tara ne ya jefa ƙwallon, har da yi masa kirari. Ashe mai lamba bakwai ne. Ranar kasuwa wani dattijo ya tare ni a rumfar masu hatsi, muka gaisa a mutunce, sannan ya ce, "Malam, ina gida da rediyona a kunne. Ɗana ne ya ci, amma ɗan wani ka gaya wa duniya." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban sami abin cewa ba.

Kada wani ya ɗauka cewa akwai wata shekara ƙayyadajjiya da mai sharhi zai kai a ce ya sauka. John Motson ya bar BBC a 2018 yana da shekara 72, bayan shekara 50 yana aiki, kuma tun farkon kakar wasan ya sanar cewa ita ce ta ƙarshe. Martin Tyler ya bar Sky Sports a 2023 yana da 77, Peter Drury ya gaje shi. A Amurka kuwa Vin Scully sai da ya kai 88 kafin ya ajiye a 2016, bayan kaka 67 tare da ƙungiyar Dodgers, sai dai wasan da yake sharhi a kai, wato besbol, yana tafiya a hankali, kuma shi da kansa ya rage tafiye-tafiye a shekarunsa na ƙarshe. Ƙwallon ƙafa da dambe ba sa jiran kowa, domin kafin ka gama tuno sunan ɗan dambe an yi kisa, makaɗa sun canja take.

Don haka ku saba tun yanzu da naɗar sharhinku a waya, ku saurare shi washegari da takarda a hannu, kuna ƙirga sau nawa kuka kira sunan da ba shi ba, da sau nawa ihun 'yan kallo ya riga ku. Ku nemi mutum guda da ba ya jin nauyinku, domin a ƙauye kunya ba za ta bar kowa ya ce wa babba ya gaza ba. Idan kuskuren ya fara yawa, akwai wurin da tsufa yake da daraja, wato fashin baƙi bayan an tashi wasa, inda ake buƙatar wanda ya ga jiya ya ga yau. An yi min tayin hakan, na ɗauke shi cin fuska, kuma in za a bi gaskiya tsoron rasa ɗan alawus ɗin ne ya fi girman kan yawa, tunda ban tanadi gona ko kiwo da zan koma wa ba.

Yaron nan ya gaji da jira ya tafi Kano yana tuƙa adaidaita sahu. Bara aka yi min aikin ido, na dawo ina karanta lambar riga daga nesa, sai na aika masa cewa ya zo in kai shi gidan rediyon da kaina. Ya amsa da ladabi, ya ce, "Baba, na gode, amma yanzu ina da iyali, kuma a nan nake samun abin cefane."