Yadda muke sa manhajar waya ta yi aiki a kwamfuta

Shagona yana Bauchi, ta wajen Yelwa, kuma gyaran kwamfuta ne asalin sana'ata. Amma a 'yan shekarun nan aikin da ya fi kawo mana mutane shi ne ɗora manhajojin Android a kan laftof ko kwamfutar tebur. Mai zanen katin biki ya saba da PixelLab a wayarsa, idonsa ya gaji da ƙaramin sikirin. Mai haɗa bidiyo hannunsa ya faɗa da KineMaster, ba ya son ya koma koyon wata daga farko. Ga masu gidajen gem da ke son yara su buga PUBG ko Free Fire da kibod da maus. Duk waɗannan emuleta muke saka musu, wato manhajar da ke gina wayar Android cikakkiya a cikin kwamfuta.

Sunayen sanannu ne. BlueStacks tun 2011 take, akwai LDPlayer, MEmu, NoxPlayer, sai GameLoop ta kamfanin Tencent wadda aka yi domin wasanni. Kowa zai iya sauke su kyauta, shi ya sa wasu ke shigowa su ce, "Haba Injiniya, danna-danna ne fa kawai, me za ka caje ni?" Nakan ce ya zauna ya kalli aikin tukuna, sannan mu yi ciniki.

Waya da kwamfuta ba harshe ɗaya suke ji ba. Furosesan waya, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikinta, na gidan ARM ne, na kwamfuta kuwa yawanci Intel ne ko AMD. Emuleta tana tsaye a tsakani kamar tafinta, umarnin da manhaja ta bayar da harshen ARM sai ta juya shi kafin kwamfuta ta gane, kuma wannan juyin yana cin ƙarfi sosai. Saboda haka abu na farko da nake dubawa yana cikin BIOS, wato saitin can cikin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Akwai wani makunni da Intel ke kira VT-x, AMD kuma SVM, wanda ke ba furosesa damar ɗaukar wani tsarin a cikinsa kai tsaye. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ake kawo mana a kashe yake zuwa. A HP da maɓallin F10 ake shiga BIOS, a Dell da F2. Idan ba a kunna shi ba, wata emuletar sai ta maƙale a wajen buɗewa, wata ta buɗe tana jan ƙafa har mai ita ya rantse kwamfutarsa ta mutu. Daga nan in duba Hyper-V, wato tsarin Windows na ɗaukar wani tsarin a cikinsa, domin wasu emuletocin ba sa jituwa da shi.

Sai rabon gado. Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, nawa zan yanka wa Android, nawa zan bar wa Windows? Mai gig 8, ina ba emuleta 3 ko 4. Mai gig 4 kacal nakan gaya masa gaskiya cewa za ta buɗe amma ba zai ji daɗinta ba, gara ya ƙara ram, kuma in tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a ciki mu canja masa SSD. Wata manhajar, Android mai bit 64 take so, wata tsohuwa ce, sai a Android 7 take zama lafiya. Waɗannan ba a rubuce suke a jikin kwali ba, hannu ne ke saninsu.

Ogan da ya koya mini aiki, Allah ya saka masa da alheri, a zamanin Windows 7 ya karɓe ni. Ba ya barin yaro ya taɓa manhaja sai ya iya kwance laftof ya mayar ba tare da noti ɗaya ya rage ba. Yakan sa in kara kunne a jikin inji in faɗa masa ko fanka ce ke kuka ko faifai. A wajensa na koyi cewa ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar kwamfuta a garin nan, kuma yau wannan karatun ne ke ciyar da ni. Emuleta tana dafa furosesa. A zafin Maris da Afrilu, laftof ɗin da ƙura ta toshe wa fanka da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Don haka duk wanda ya kawo aikin emuleta sai na buɗe injin, na share fanka, na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da ke yawo da filas, suna saka wa mutane emuletar da ba wanda ya san inda aka kwaso ta, a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Ba su shiga BIOS ba, ba su tambayi ram ba. Bayan kwana biyu talla ta cika sikirin, kwamfuta ta yi nauyi, sai a kawo mana, kuma mai ita ya zo da fushin wancan ya sauke a kanmu, yana neman ragi domin ya riga ya biya sau ɗaya. Mu daga shafin kamfanin da ya yi manhajar muke saukewa, ko da zai cinye mana data. Haka masu sayar da laftof mai Celeron, ƙaramin furosesan Intel marar ƙarfi, su ce wa Hajiya zai yi komai. Ba zai yi ba.

Akwai aikin da ba na karɓa. Manhajar banki ba na saka ta a emuleta. Da yawansu suna gane ba waya ta gaskiya ba ce su ƙi buɗewa, kuma kuɗin mutum ba abin gwaji ba ne. Mai son WhatsApp nakan saka masa tasu ta kwamfuta, ba ya buƙatar emuleta. 'Yan PUBG kuma ina sanar da su tun farko cewa wasan yana gane emuleta, zai haɗa su da masu kibod irinsu, kada su zaci za su je su yi wa 'yan waya kisan mummuƙe.

Microsoft ta taɓa shigo da nata tsarin na Android cikin Windows 11 a 2021, muka ce an huta, sai ga shi ta rufe shi a Maris 2025. Google na da Play Games na kwamfuta, amma wasanni ya fi ba ƙarfi, mai PixelLab bai da rabo a ciki. Saboda haka har yanzu emuleta ce hanyar.

Wajen tsara kibod nake fi ɗaukar lokaci, domin a nan mai kaya ke jin daɗin kuɗinsa. Kowane wuri da yatsa ke taɓawa a waya sai na ɗaura masa maɓalli, W, A, S, D na tafiya, maus na juyawa da harbi, sannan in zaunar da mutum ya gwada, mu gyara har ya dace da hannunsa. Mai zane kuma in buɗe masa jaka ɗaya tsakanin Windows da Android, yadda zai gama kati ya tura wa firinta nan take. In za ka zo, ka taho da caja, ka kuma zo da wayar da ka saba aiki da ita domin in ga yadda hannunka yake tafiya a kanta.